Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Farko a Jami'ar Ƙasar Waje Daga Legas

A watan Yulin bara, bayan sallar la'asar, wani dattijo mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya tsare ni a ƙofar masallaci da wata baƙar leda a hammata. An gaya masa ni nake taya yaran unguwa cike fom na makarantu. Da muka gama gaisawa ya ce, "Malam, yarinyar nan tawa ta gama sakandare, kuma ta ci jarrabawa da kyau. So nake a watan tara ta wuce Ingila karatun likita. Batun kuɗi kada ya dame ka."

Muka zauna a benci na zazzage ledar. Sakamakon WAEC kam sai hamdala, kusan duk A da B ne. Amma sunan mahaifi a jikinsa Mohammed ne, a takardar NIN Muhammad, a takardar haihuwa kuwa har an liƙa mata sunan garinsu a ƙarshe. Ranar haihuwa iri biyu: ta gaskiya, da kuma 1 ga Janairu da wani malamin makaranta ya ɗora mata don ya huta da tambaya. Fasfo babu. Ƙofar neman karatun likita a Birtaniya kuwa ta rufe tun 15 ga Oktoban da ya wuce, wata tara ke nan.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bana kam jirgi ya tashi. Amma in muka fara yau, baɗi tana da rabo."

Bai ji daɗi ba, amma shi da kansa ya ce ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Samun takardar karɓa daga jami'ar waje ba shi ne wuyar aikin ba. Jami'o'i da yawa kiran ɗalibai suke yi kamar yadda kwandastan danfo ke kiran fasinja a Oshodi, domin kuɗin ɗalibin waje ne ke riƙe da su. Abin da na ga yana kayar da yaranmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba shi ne suna da bai yi daidai ba, da kuɗin da ba su da tarihi a banki, da makara. Don haka ka ba kanka wata 12 zuwa 15 kafin ranar da kake son fara karatu. Yaron da yake ƙarshen SS2 shi ne a kan daidai lokacin.

Fara da sunanka

Tattaro duk takardunka ka shimfiɗa su a tabarma: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, da shaidar kammala makaranta. Bi su harafi bayan harafi. Mu Hausawa ba mu ɗauki bambancin Abubakar da Bukar, ko Aisha da Aishatu, a bakin komai ba, amma jami'in da ke duba takarda a wata ƙasa mutum biyu yake gani. Jerin sunayen ma abin lura ne, domin a fom ɗinsu akwai gurbin sunan yanka da gurbin sunan dangi, mu kuwa yau sunan uba muke sawa, gobe na kaka, jibi na gari.

Fasfo daga bayanan NIN ake ciro shi. Abin da ke NIN shi zai fito a fasfo, abin da ke fasfo kuma shi za ka riƙa kwafa a kowane fom har ka gama karatu. Gyaran takardar WAEC bayan an buga ta aiki ne ja, sai an bi ta makarantar da aka rubuta jarrabawar, a yi ta zarya zuwa ofishinsu na Yaba. Shawarata, in bambancin na rubutu ne kawai, a gyara NIN ta shafin hukumar NIMC ya dace da WAEC tun kafin a yi fasfo. In kuwa abin ya cakuɗe, a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan na mutum ɗaya ne, a buga sanarwa a jarida, a adana shafin jaridar. Ranar haihuwa ta fi suna wuyar gyara, kada a bar ta sai ƙarshe.

Daga nan sai fasfo. Ana cike fom ne da biyan kuɗi a shafin Hukumar Shige da Fice, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu a Ikoyi ko Ikeja ko Festac. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. In da hali a yi na shekara goma, don kada ya ƙare yaro yana tsakiyar karatu. Wanda bai kai 18 ba sai da takardar amincewar iyaye. 'Yan kamashon bakin ƙofa za su tare ka da "zo a yi maka cikin sauri", kai dai ka wuce da rasidinka.

Zauna da mai biya kafin ka zaɓi ƙasa

Yara sukan fara da ƙasar da suka gani a TikTok, sannan su koma neman kuɗinta. Juya abin. Ɗauki biro da takarda, ka zauna da wanda zai ɗauki nauyinka, ku lissafa kuɗin shekarun karatun duka, ba na shekarar farko kaɗai ba.

Ga misali da Ingila. A ce kuɗin makaranta fam 15,000 ne a shekara, wanda ba ya cikin masu tsada. Hukumarsu tana son ka nuna kuɗin ci da sha da kwana na wata tara, sama da fam 1,100 kowane wata in a wajen Landan ne, sama da 1,400 in a cikinta ne. Ka ga an haura fam 25,000. In fam yana naira 2,000, miliyan 50 ke nan a shekara guda, ba a sa kuɗin biza da na jirgi da harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara ba. Karatun likita ya ninka haka.

Sannan ku tuna da halin naira. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi sun wayi gari kuɗin da suka tanada na shekara uku bai kai ko na shekara ɗaya ba, kuma akwai ɗaliban da aka dakatar a tsakiyar zango saboda haka. Duk lissafin da bai bar sarari don faɗuwar naira ba, lissafin dokin rano ne.

Akwai maganar da nake ji kullum: "In na isa zan yi aiki in riƙa biya." A Birtaniya awa 20 a mako aka yarje wa ɗalibin digiri lokacin karatu. A Amurka ma awa 20 ne, kuma a farko a cikin makaranta kawai. A Kanada awa 24. Wannan zai saya maka abinci da katin mota, wataƙila ya rage haya. Ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Ƙasashen, da abin da kowace ke nema

Birtaniya ta hanyar UCAS ake nema, wato cibiyar da ke karɓar fom a madadin jami'o'insu. Fom ɗaya ne, za ka zaɓi kwas har biyar. Oxford da Cambridge da karatun likita da na haƙori suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran kuma a watan Janairu, ko da yake jami'o'i da dama suna ci gaba da karɓar ɗaliban waje bayan nan in da sauran gurbi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne digirin Ingila shekara uku ne, an gina shi a kan wanda ya yi A-Level, wato jarrabawar da ke gaba da matakin WAEC. Mai WAEC zalla galibi sai ya yi shekarar share fage tukuna, wadda ita ma kuɗi ce. Akwai makarantu a nan Legas da ke koyar da A-Level ɗin, kuma yin sa a gida ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba.

Amurka tana karɓar WAEC kai tsaye, digiri shekara huɗu. Mafi yawan jami'o'in da za ka so suna kan Common App, shafin da ake cike fom ɗaya a tura wa jami'o'i da yawa, wanda ake buɗewa 1 ga Agusta. Masu nema da wuri suna miƙawa zuwa farkon Nuwamba, sauran zuwa farkon Janairu. A nan ne tallafi mafi tsoka yake. Jami'o'i irin Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst ba sa duba aljihunka kafin su ɗauke ka, in kuma sun ɗauke ka suna cike duk abin da gidanku ba zai iya biya ba. Sai dai shiga cikinsu kamar raƙumi ta kafar allura ne, don haka kada ka tara ƙwanka duka a can. Kuma dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta: a Yulin 2025 aka mayar da yawancin biza ta wata uku mai shiga sau ɗaya, kuma tsaurarawar ba ta tsaya nan ba. Kafin ka kashe ko kwabo, karanta sanarwar da ke shafin ofishin jakadancinsu, ka kuma tuntuɓi cibiyar EducationUSA ta Legas, wadda aikinta ke nan ba ɗalibai shawara.

Kanada kowace jami'a ko lardi da tsarinsa. Daga Janairun 2024 sun ƙayyade yawan ɗaliban da za su shiga, sun ƙara takardar shaidar lardi wadda makaranta ce ke nemo maka, kuma kuɗin zaman da za ka nuna ya haura dalar Kanada 20,000 ban da kuɗin makaranta. Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, abin da ke jan yara ke nan, amma digirin farko galibi da Jamusanci ake yi. Sai ka koyi harshen tukuna, ana koyarwa a Goethe-Institut a nan Legas, sau da yawa kuma ka yi ajin share fage a can, sannan ka ajiye yuro 11,904 a rufaffen asusu na shekara ɗaya.

Ga ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa, ni na fi nuna masa gabas. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe tallafinta na Türkiye Bursları daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Nema kyauta ne, ta intanet. Mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, makinsa ya kai kashi 70 cikin ɗari, na fannin lafiya kashi 90. In an dace, suna biyan makaranta da masauki da tikitin jirgi da alawus na wata, a kuma koyar da kai Turkanci shekara guda. Saudiyya ta haɗa neman jami'o'inta, har da Jami'ar Musulunci ta Madina, a shafin Study in Saudi. Shekarun mai neman digirin farko 17 zuwa 25, kuma akan nemi takardar tazkiyya daga malamai ko wata cibiyar Musulunci da aka sani. Masu zuwa Azhar a Masar su sani ana duba ko takardar sakandarensu ta yi daidai da ta Azhar, in ba haka ba sai gwajin tantance mataki. Akwai kuma tallafin Gidauniyar Mastercard a wasu jami'o'i, ciki har da Ashesi a Ghana. Ba dole sai ƙasar da ake dusar ƙanƙara ba.

Kafin ka tsayar da makaranta, tabbatar cewa makaranta ce. Mu da muke Legas, Kwatano tana bayan gida, ta Seme 'yan awanni ne, kuma an sha zuwa unguwanninmu ana tallan digiri mai araha. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga can cikin mako shida, a Janairun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya ma abin ya shafe su. Arewacin Cyprus kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye a kansa. Zaman lafiyar ƙasa ma abin dubawa ne. Mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Yukren a 2022, da Sudan a 2023.

Duba sunan makarantar a jerin da gwamnatin ƙasar ta fitar na masu izinin ɗaukar ɗaliban waje; Birtaniya da Kanada da Amurka duk suna da irin wannan jeri a intanet. In likitanci ne, a binciki matsayinta a wurin majalisar likitoci ta MDCN, domin in ka dawo sai ka rubuta jarrabawarsu kafin ka taɓa majinyaci.

Ka fitar da makarantu bakwai zuwa takwas: biyu na buri, uku ko huɗu daidai ƙarfinka, biyu da kake da yaƙinin samu kuma za ka iya biya.

Jarrabawar Turanci da sauransu

Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi shi ne ƙasan tukunya, kuma darussan su dace da kwas ɗin. Mai son injiniyanci ba zai tsira ba tare da Fizis ba. Jami'o'i da dama a Birtaniya da Kanada da Amurka suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC a madadin wata jarrabawa, amma ba duka ba. Rubuta musu imel ka tambaya, ka ajiye amsar.

In dole ne, IELTS ce aka fi sani. British Council da IDP ke shirya ta a Legas, maki daga 0 zuwa 9, galibi ana neman 6.0 ko 6.5, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki. Mai zuwa ajin share fage a Birtaniya ya tambaya ko nau'in da hukumar bizarsu ta amince da shi ake so, don akwai waɗanda suka biya kuɗi mai yawa suka rubuta wadda ba ita ba. Akwai TOEFL, akwai kuma ta Duolingo wadda ta fi araha, a gida ake yin ta da kwamfuta. Sai dai a ranar ka tanadi janareta ko inbata da ɗakin da ba mai shigowa, domin ɗauke wuta ko ƙanwarka ta leƙo tana cewa an gama tuwo na iya sa a soke ta. SAT kuwa jarrabawar shiga jami'a ce ta Amurka, cikakken makinta 1600, kuma manyan jami'o'insu da dama sun dawo da wajabta ta. Kujerun Legas suna cika da wuri.

Cike fom da rubutun gabatar da kai

Buɗe imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, kai ke riƙe da kalmar sirrinsa, ba mai shagon intanet ba. Yi wa takardunka sikanin mai kyau, ba hoton waya a kan katifa ba. Koma makarantarku ka karɓi rahoton makinka na SS1 zuwa SS3 da hatimi da sa hannun shugaba. Wasu jami'o'in za su nemi lambar katin duba sakamakon WAEC don su tabbatar da kansu, sai ka sayi sabon kati ka ajiye musu shi. Ka roƙi malamai biyu da suka san ka da gaske su rubuta maka takardar shaida, ka ba su aƙalla wata guda, ka kuma tabbatar suna buɗe imel ɗinsu, domin ta nan jami'a za ta aiko musu. Nawa aka yi asarar gurbi don malam bai duba saƙo ba!

Sai rubutun gabatar da kai, inda yaranmu suka fi rauni alhali nan suka fi kowa abin faɗa. Na UCAS haruffa 4,000 ne, kuma kwas ɗin suke son ji: me ya ja ka gare shi, me ka karanta, me ka yi a kai. Na Common App kalma 650 ne, kai suke son ji.

Wani yaro daga Mile 12 ya kawo min nasa, ya fara da cewa tun yana ƙarami yake mafarkin taimakon al'umma. Na ce masa yara dubu nawa ne suka rubuta wannan jimlar a bana? Na tambaye shi me yake yi ranar Asabar. Ya ce yana riƙe wa babansa littafin bashi a rumfar tumatir. Ashe shi ne ya lura cewa kwandunan da motarsu ta kwana a hanya sun fi lalacewa, ya fara rubuta ranar lodi da ranar sauka da yawan abin da aka zubar, har babansa ya canza direban da yake ba kaya. Yana son karanta tattalin arzikin noma, amma yana jin kunyar ambaton kasuwa. Na ce, "Kai, wannan littafin bashin shi ne rubutunka." Haka wanda ya haddace Alƙur'ani, ko wadda take koyar da ƙananan yara a Islamiyya, ko mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci da Larabci, duk abin faɗa ne, in an faɗe shi da misali ba da kirari ba.

Kada ka sayi rubutu, kada ka kwafa. UCAS na da manhajar gano kwafi, kuma ranar hira za a tambaye ka abin da ka rubuta. Kuɗin fom in ya yi maka nauyi, jami'o'in Amurka da yawa suna yafewa in an roƙa ta hannun makarantarku. Mai neman tallafinsu zai cike fom na bayanin dukiyar gida, wanda aka fi sani shi ne CSS Profile. A faɗi gaskiya a ciki. Kuma ka miƙa da saura mako guda, kada ka jira daren ƙarshe da intanet ɗinmu.

In takardar karɓa ta zo

Karanta ta sau biyu. Wata da sharaɗi take zuwa, misali sai ka kawo sakamakon ƙarshe ko makin Turanci. In an ce an ba ka tallafi, duba ko ragi ne na fam 2,000 daga cikin 16,000, ko ɗaukar nauyi ne gaba ɗaya, kuma na shekara ɗaya ne ko na duk shekarun. Kafin ka biya kuɗin kama gurbi, nemi ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi in an hana ka biza.

Kuɗi kuma asusun makaranta ake turawa, ta hanyar da shafinta ya nuna, ko ta banki da Form A, fom ɗin biyan kuɗin makaranta a ƙasar waje. Ba asusun wani mutum ba, ko da ya zo da rawani da carbi. Ban ce duk ejan macuci ne ba. Akwai na gaskiya waɗanda jami'a ce ke biyansu lada, za ka kuma ga sunansu a shafin jami'ar. Amma duk wanda ya ce maka biza tabbas ce, ko ya ce kawo miliyan kaza a sayo maka tallafi, ko ya hana ka ganin imel ɗin da ya buɗe da sunanka, tattara ledarka ka tashi.

Banki da biza

Nan ne attajiranmu suke mamaki. Alhaji yana da shanu ɗari, ko tirela uku a hanyar Apapa, ko rumfuna a Alaba Rago, amma asusunsa na banki ba ya nuna komai, domin kuɗin suna cikin kaya da adashi da hannun abokan ciniki. Jami'in biza ba ya ganin shanu. Takarda yake gani. In aka zuba miliyan 40 rana ɗaya a asusun da bai saba ganin dubu 500 ba, tambaya ce za ta biyo baya. Tun wata shida kafin lokaci a riƙa shigar da cinikin ta banki, a yi wa kasuwancin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a adana rasidin sayar da kaya ko fili in daga nan kuɗin suka fito. Kuɗin haya da wasu ke sawa a asusu na 'yan kwanaki, da takardar banki ta jabu, kan jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara goma.

Birtaniya tana son kuɗin su kwana 28 a jere ba su ragu ko na rana ɗaya ba, kuma takardar bankin kada ta wuce kwana 31 ranar da ka miƙa. Ga kuma abin da ya shafe mu ƙwarai: asusun ya zama naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka. Na kawu ko na yaya ba ya shiga, duk da a wurinmu kawu uba ne. In shi ne mai biya, sai ya tura kuɗin asusunka ko na mahaifinka tun da wuri. Makaranta za ta ba ka lambar CAS, wato shaidar cewa ta ɗauke ka, ka yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na hukumar ƙaura ta duniya IOM a Ikeja, wanda takardarsa wata shida take aiki, sannan ka cike fom ka je cibiyar karɓar takardu a ɗauki zanen yatsunka. Ana iya nema tun saura wata shida a fara karatu. Yuli da Agusta cunkoso ake yi kamar gadar Third Mainland da safiyar Litinin.

Amurka makaranta ce ke aiko da I-20, takardar shaidar cewa ta ɗauke ka. Sai kuɗin rajistar ɗaliban waje ta SEVIS dala 350, kuɗin biza dala 185, fom ɗin neman biza na DS-160, sannan hira a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke titin Walter Carrington a Victoria Island. Suna tambayar shafukanka na sada zumunta na shekara biyar, suna kuma dubawa. Hirar 'yan mintuna ce: me ya sa wannan makarantar, wa zai biya, me yake yi, me za ka yi in ka gama. Kada ka haddace amsa kamar karatun allo. In babanka shanu yake sayarwa, ka ce shanu yake sayarwa, ka san kusan nawa yake samu. Daga Agege kuma, in hirarka ta safe ce, ka fita bayan asuba ko ka kwana wurin 'yan'uwa a Obalende.

Ƙasashe irin su Masar da Saudiyya da wasu na Turai sukan so a buga wa takardunka hatimin Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje, sannan na ofishin jakadancinsu. Wannan tafiyar Abuja ce, a sa ta cikin lissafin lokaci da na kuɗi.

Da biza ta fito, sai masauki. Iyayen 'ya mace su tambayi makaranta tun da wuri ko akwai ɓangaren mata zalla, domin irin waɗannan ɗakunan suna ƙarewa da sauri. A nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Najeriya ta makarantar. Su za su gaya maka inda masallaci yake, da inda ake sayar da naman halal, wani lokacin har su tarbe ka a filin jirgi. A karɓi katin rigakafin shawara, wanda wasu ƙasashe ke tambaya a bakin shiga. Kuma a adana komai tun daga takardar karɓa har tsohon fasfo mai hatimin shiga da fita, domin ranar da ka dawo neman bautar ƙasa sai an tantance takardunka, kuma za a tambaye su.

Ita yarinyar dattijon, gyaran NIN ɗinta ya ci kusan wata biyu, fasfo ya fito kafin ƙarshen shekara. Da muka yi lissafin likitanci a Ingila a gabansa, ya cire hula ya shafa kai, ya ce a duba masa Turkiyya da Masar. A Janairu ta cike nata fom da hannunta a kwamfutar yayanta, ni ina gefe ina shan shayi. Ledar nan baƙa kuwa ta yi ritaya. Yanzu takardun suna cikin fayil mai zif, kwafinsu kuma yana cikin imel ɗinta da na yayan.